Luna Park da maƙwabtansa: tambayoyi da amsoshi kan wuraren wasan Coney Island a farkon ƙarni na 20

Tsakanin shekarar 1904 da 1911, manyan wuraren wasa uku ne suke gogayya da juna a bakin teku a Coney Island, can kudancin Brooklyn a birnin New York na Amurka. Su ne Steeplechase, Luna Park da Dreamland. Da yawa daga cikin abubuwan da ake gani a wuraren wasan yara da manya a yau, a can aka gwada su aka ga suna kawo kuɗi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Wa ya gina Luna Park, kuma yaushe?

Mutum biyu ne, Frederic Thompson da Elmer Dundy. Thompson ya taɓa karatun zanen gine-gine, shi ne mai ƙirƙira. Dundy shi ne mai nemo kuɗi. Sun yi suna ne a babban baje kolin da aka yi a Buffalo a 1901, inda wasansu na tafiya duniyar wata ya ja jama'a sosai. George Tilyou, mai Steeplechase, ya gayyace su suka kawo wasan wurinsa a 1902. Da suka ga irin cinikin da ake yi, sai suka karɓi hayar wani tsohon wurin wasa da ya durƙushe, Sea Lion Park, suka rushe kusan komai, suka gina nasu. An buɗe ƙofa ranar 16 ga Mayu, 1903.

Gine-ginen ba na dutse ba ne. Katako ne da farar ƙasa aka shafe, aka yi hasumiyoyi da ƙubbobi da bakuna, wasu kamar na Indiya, wasu kamar na Larabawa, wasu ba su yi kama da na kowace ƙasa ba. Da gangan Thompson ya yi haka. So yake wanda ya shigo ya manta unguwar da ya fito.

Me ya fi ba mutane mamaki idan sun shiga?

Wuta. A shekarar farko an jera ƙwayayen lantarki wajen 250,000 a jikin gine-ginen, daga baya adadin ya haura miliyan. A tsakiyar filin akwai hasumiya mai tsawon ƙafa 200 da aka lulluɓe da fitilu. A tuna cewa a 1903 mafi yawan gidajen Amurka ba su da lantarki, da fitilar gas ko ta kananzir ake kwana. Leburan da ya fito daga ɗaki mai duhu a Manhattan, ya zo ya tarar da gari guda yana walƙiya da daddare, ko bai hau komai ba ya riga ya ci kuɗin tikitinsa. Jiragen ruwa ma daga nesa suke hango hasken.

Dreamland da aka buɗe a Mayun 1904 ya zo ne da niyyar shafe Luna. Mai shi, William Reynolds, ɗan siyasa ne kuma dillalin filaye, ya sa fitila miliyan ɗaya, ya gina hasumiya mai ƙafa 375, ya shafe komai da farin fenti. Ya fi Luna tsari, amma jama'a ba su taɓa son sa kamar yadda suka so Luna ba. A ganina dalilin a fili yake: Reynolds ya gina wurin da za a yaba, Thompson ya gina wurin da za a yi shirme.

Yaya wasan tafiya duniyar wata yake?

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya nuna irin hajar da ake sayarwa a wurin. Masu tikiti suna shiga wani babban zaure mai duhu, su hau wani jirgi mai kama da kwale-kwale, da manyan fukafukai a gefe. Jirgin a rataye yake da igiyoyin ƙarfe. Idan aka tashi, fukafukan su fara kaɗawa, jirgin ya riƙa rangaji, a kunna manyan fankoki iska ta riƙa dukan fuskokin fasinja. A ƙarƙashinsu ana jan zanen birni a kan ƙyalle yana ƙanƙancewa, fitilu suna raguwa, har a ga kamar ƙasa ce take nisa. Sai a shiga hadari, a yi tsawa da walƙiya na ƙarya, sannan gari ya lafa a ga taurari.

Jirgin bai motsa daga inda yake ba ko taku ɗaya. Amma da aka buɗe ƙofa, fasinja suna fita ne ta wani gefen, su tsinci kansu cikin koguna da duwatsun da aka yi da takarda da filasta. Wadanni sanye da kaya masu ƙayoyi su tarbe su a matsayin mutanen wata, su raka su fadar sarkin wata, a yi musu rawa, a ba kowa ɗan gutsuren cuku ya ɗanɗana, saboda wata tsohuwar almarar Turawa da ke cewa da cuku aka yi wata. Duk wannan kafin ’yan'uwan nan biyu na gidan Wright su tashi jirginsu na farko a Disambar 1903. Mutanen da suke cikin wannan zaure babu wanda ya taɓa hawa jirgin sama a cikinsu, don haka babu mai cewa ba haka abin yake ba.

Akwai irinsa na tafiya ƙarƙashin teku zuwa ƙarshen arewacin duniya, inda ake sanyaya ɗakin da injin ƙanƙara don a ji sanyin a jika.

To ban da na ruɗin ido, waɗanne abubuwan hawa ake da su?

Wanda ya fi daɗewa shi ne Shoot the Chutes, wanda Luna ya gada daga Sea Lion Park. Ana jan kwale-kwale mai shimfiɗaɗɗen ƙasa zuwa saman wani dogon gangare, a sake shi ya sulalo da gudu ya faɗa tafki, ya yi tsalle a kan ruwa sau biyu ko uku kafin matuƙi ya kai shi gaɓa. Akwai Helter Skelter, sulɓi ne kawai mai lanƙwasa da manya suke zama a kan tabarma su gangaro. Akwai Tickler na William Mangels, wasu manyan baho masu taya da suke gangarowa suna karo da shinge suna juyawa, mutanen ciki suna faɗa wa juna. Akwai Witching Waves, wanda daɓensa na ƙarfe ne mai lanƙwasuwa yana tashi yana sauka kamar igiyar ruwa yana tura ƙananan motoci. Wanda ya ƙirƙiro shi, Theophilus Van Kannel, shi ne kuma ya ƙirƙiro ƙofar nan mai juyawa ta manyan otal-otal.

Sai jiragen ƙasa masu hawa da gangara. Na farko a Coney Island LaMarcus Thompson ne ya gina shi a 1884 (ba dangin Frederic ba ne, suna ne ya zo ɗaya), kuma gudunsa bai wuce mil 6 a awa ba. Na zamanin Luna, irin su Dragon's Gorge, sun fi wannan gudu, amma rabin daɗinsu kallo ne: tarago yana ratsa koguna masu zanen ƙasashe daban-daban, ga mai birki a tsaye a cikinsa yana rage gudu a kwana.

Ke nan ba su kai na yanzu tsoratarwa ba?

Ba su kai ba wajen tsayi da gudu. Dalilin na ƙira ne. A lokacin, nauyin tarago ne kawai yake riƙe shi a kan dogo, idan ya yi gudu da yawa a kan tudu zai iya tashi. Sai a 1919 John Miller ya yi rajistar wata dabara ta sa ƙarin tayoyi a ƙarƙashin dogon, su riƙe taragon daga ƙasa. Wannan ce ta ba da damar gina masu gangara mai tsanani irin Cyclone na 1927.

Amma rashin gudu ba ya nufin rashin haɗari. Flip Flap, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 19, yana juya mutane ƙasa a sama cikin da'ira cikakkiya, kuma ƙarfin juyin yana ji wa mutane ciwo a wuya da baya. Loop the Loop na 1901 ya gyara wannan ta hanyar mai da da'irar mai siffar ƙwai, sai dai mutane kaɗan yake ɗauka a lokaci guda, kuma masu son kallo sun fi masu son hawa yawa, don haka bai yi riba ba. Wani kuma mai suna Rough Riders, wanda direba ne yake tuƙa shi da lantarki, ya yi haɗari a 1910 da 1915, kuma an rasa rayuka a duka biyun.

Me ya bambanta Steeplechase da sauran?

Tilyou ya fahimci abin da sauran ba su fahimta sosai ba, wato babu abin da mutane suke son kallo kamar mutane. Wurinsa, wanda ya buɗe a 1897, ya samo suna daga tseren dawakan katako da suke gudu a kan dogon ƙarfe suna zagaye filin. Nauyi ne yake tura su, saboda haka dokin da ya ɗauki mutum biyu ya fi gudu, kuma saurayi ya sami hujjar riƙe budurwarsa kada ta faɗi. Wannan a zamanin da namiji da mace marasa aure ba sa taɓa juna a bainar jama'a, mata suna sa riga har idon sawu, maza kuma da kwat da hula suke zuwa bakin teku.

Idan an sauka daga doki, hanyar fita ɗaya ce, kuma ta kan wani dandamali take bi. A nan akwai ramukan da ake huro iska ta ƙasa, ta ɗaga siket ɗin mata ta tuge hulunan maza. Ga wani mai ban dariya irin ɗan kama riƙe da sandar da ke ɗan jan mutum da lantarki, ga daɓe yana zamewa. A gaban dandamalin kuma kujeru ne cike da ’yan kallo suna ta ƙyaƙyata dariya. Su waye ’yan kallon? Waɗanda aka gama yi wa haka ne mintuna kaɗan da suka wuce. Tilyou bai biya ɗan wasa ba, abokan cinikinsa ne suka biya shi suka yi wa juna wasan.

Haka sauran kayansa suke. Akwai wani faifan katako mai santsi da mutane suke zama a tsakiyarsa, ya yi ta juyawa har ya watsar da su gefe. Akwai babbar ganga mai juyawa da sai an ratsa ta, kuma da wuya a fita ba a faɗa jikin baƙo ba. Masu wa'azi da wasu jaridu sun yi ta suka, kuma idan aka dubi batun huro iskar nan, ba za a ce sukar ba ta da tushe ba, domin ba kowace mace ce ta san abin da ke jiran ta ba.

Nawa ake biya, kuma su wa suke zuwa?

Kuɗin shiga Luna senti 10 ne, sannan kowane babban wasa da nasa kuɗin. Steeplechase ya fi sauƙi, yana sayar da tikiti ɗaya na senti 25 da ake hudawa a wasanni 25. Masu zuwa sun haɗa da ma'aikatan masaƙu da shaguna da akawuna, da baƙin haure daga Italiya, Jamus, Ayalan da gabashin Turai, yawanci ranar Lahadi da yake ita ce ranar hutu. Ana zuwa ta jirgin ruwa daga Manhattan, ko ta jirgin ƙasa da taragon lantarki. Kakar wasa daga Mayu ne zuwa Satumba, da sanyi ya shigo a rufe.

Katangar da aka kewaye wuraren da ita tana da nata aikin. Kafin lokacin, Coney Island ya yi ƙaurin suna wajen caca, mashaya da karuwai. Kuɗin ƙofa da masu gadi su ne suka sa magidanci ya yarda ya kawo iyalinsa. Baƙaƙen fata kuwa ba a yi musu maraba daidai da kowa ba. An nuna musu wariya a wuraren wanka da canza kaya, kuma a rumfunan wasa na zamanin akwai wani mugun wasa da ake jifar kan baƙin mutum da ƙwallo don a ci kyauta.

Da gaske ne ana kunna gobara don a yi kallo?

Da gaske ne. A 1904 Luna ya fara wani wasa mai suna Fire and Flames, Dreamland kuma ya yi nasa, Fighting the Flames. Ana gina layin gidaje masu hawa-hawa, ɗaruruwan ’yan wasa suna kai da kawo kamar a titin gaske, sai wuta ta tashi. Motocin kwana-kwana da dawaki ke ja su iso da ƙararrawa, mutane su riƙa tsalle daga tagogi suna faɗawa cikin raga, a kashe wutar, a share wuri, a sake yi wa wasu ’yan kallon. Sau da yawa a rana.

Abin lura shi ne masu kallon nan su ne mazauna irin waɗannan gidaje, kuma gobara ita ce babbar fargabarsu. A watan Yunin wannan shekarar ta 1904 jirgin ruwan General Slocum ya kama wuta a kogin East River na New York, mutum fiye da 1,000 suka mutu, yawancinsu mata da yara. Duk da haka wasan gobara ya yi kasuwa. An kuma kwaikwayi ambaliyar garin Johnstown ta 1889, da ta garin Galveston ta 1900, duka a Amurka, da aman wutar dutsen Pelée na tsibirin Martinique a 1902. A 1905, a Brighton Beach da ke kusa, an kwaikwayi yaƙin Boer na Afirka ta Kudu da tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin da kansu, har da Janar Piet Cronjé. Babu rediyo, babu talabijin, majigi kuma yana jariri. Wanda ya karanta labarin bala'i a jarida, a nan yake zuwa ya gan shi da ido.

Ina batun jarirai da aka ce ana nunawa?

Wannan shi ne abin da ya fi wuyar yanke wa hukunci. Martin Couney ya buɗe wani ɗaki a Luna a 1903 inda ya jera bakwaini a cikin kwalabe masu ɗumi, mutane suna biyan kuɗi su shiga su gani. A lokacin asibitocin Amurka kaɗan ne suke da irin wannan na'ura, kuma likitoci da yawa ba sa ganin amfanin wahala a kan jaririn da bai cika wata ba. Couney yana karɓar jariran ba tare da iyaye sun biya ko sisi ba, bai kuma duba launin fata. Kuɗin ’yan kallo ne yake biyan ma'aikatan jinya da mata masu shayarwa, kuma an san wurin da tsafta. Ya ci gaba da wannan aiki a Coney Island har farkon shekarun 1940, jarirai dubbai suka rayu ta hannunsa. Masu bincike daga baya ba su sami shaidar cewa yana da takardar likita ba.

Ƙungiyoyin kare yara sun so a rufe wurin, suna cewa an mai da jarirai abin kallo. Gaskiya ne an mai da su. Amma uwar da asibiti ya ce mata ta koma gida ta jira ikon Allah, ba ta da wani wurin da ya wuce nan.

An nuna manyan mutane ma kamar haka?

An nuna, kuma a nan babu wani uzuri. A 1905 wani Ba'amurke mai suna Truman Hunt ya kawo mutanen ƙabilar Igorot kimanin 50 daga Filifin, wadda Amurka ta karɓe a 1898. Aka gina musu bukkoki a Luna, aka sa su yanka kare suna ci a gaban jama'a kullum, alhali a garinsu abu ne na lokaci-lokaci. Hunt ya riƙe kuɗinsu, har daga baya aka kama shi aka gurfanar da shi a kotu. Dreamland kuma ya gina wani ƙaramin gari na wadanni wajen 300, da majalisarsu da ’yan kwana-kwanansu, suna zaune a ciki ana biya ana kallon su. Samuel Gumpertz, wanda ya kula da wannan gari, ya yi shekaru yana kawo mutane daga ƙasashe daban-daban, har da Somaliya, don wannan sana'a.

Dabbobi fa?

Luna yana da giwaye da raƙuma da ake hawa, har an koya wa giwaye sulalowa cikin ruwa. Dreamland yana da zakunan Frank Bostock, da mai horar da su Jack Bonavita, wanda zaki ya yi sanadin rasa hannunsa amma ya koma aiki.

Labarin da aka fi sani shi ne na giwa Topsy. Ta kashe wani mutum a 1902 tun tana hannun masu wasan da suka sayar da ita, kuma a Luna ta gagari masu kula da ita. Thompson da Dundy suka yi niyyar rataye ta a sayar da tikiti, ƙungiyar kare dabbobi ta hana. Ranar 4 ga Janairu, 1903, tun ana ginin wurin, aka ba ta karas mai guba, aka sa mata lantarki, aka shaƙe ta da igiya. Kamfanin majigi na Edison ya ɗauki hoton abin. Ana yawan cewa Thomas Edison da kansa ya shirya kisan don ya ɓata wa abokan gasarsa a harkar lantarki suna, amma wannan gasa ta ƙare shekaru da dama kafin nan, kuma babu shaidar yana wurin.

Me ya kawo ƙarshensu?

Wutar gaske. Katako, filasta, fenti da wayoyin lantarki ga iskar teku, abin da za a zata ke nan. Steeplechase ya ƙone a Yulin 1907. Washegari Tilyou ya kafa allo yana karɓar senti 10 daga masu son kallon kangon, ya sake gini a 1908, kuma wurin ya rayu har 1964. Dreamland ya ƙone da asubahin 27 ga Mayu, 1911, ana shirin buɗe kakar wasa. Ma'aikata suna liƙe yoyo da kwalta a wani wasa mai suna Hell Gate, wato ƙofar wuta, sai ƙwayayen lantarki suka fashe, kwalta ta kama. Ruwan famfo bai yi ƙarfi ba, kafin gari ya waye komai ya zama toka. Dreamland ma yana da jariran kwalba, an fitar da su lafiya, amma dabbobi da yawa sun mutu. Ba a sake gina shi ba.

Luna ya fi su jan rai. Dundy ya rasu a 1907, Thompson ya karye a 1912 ya rasa wurin, ya rasu a 1919. Waɗanda suka karɓa ba su zuba kuɗi wajen sabunta wasanni ba, majigi kuma ya ƙwace aikin ruɗin ido. Da jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso Coney Island a 1920 a kan senti 5, jama'a sun ƙaru ƙwarai, sai dai yawancinsu bakin ruwa suke nufa, ba su da kuɗin kashewa a wasanni masu tsada. Gobarar Agustan 1944 ce ta gama da shi.

Akwai abin da ya rage a yau?

Daga manyan ukun babu ko ɗaya. A filin Dreamland akwai gidan kifaye na New York, a na Luna gidajen kwana ne, a na Steeplechase kuma filin wasan ƙwallo. Fitattun abubuwan hawa na da da har yanzu suke aiki sun zo ne daga baya: babban lilon Wonder Wheel na 1920 da Cyclone na 1927. Luna Park da ake gani yanzu a Coney Island an buɗe shi ne a 2010, a wani fili daban, sunan kawai ya ɗauka.

Sunan dama ya daɗe da barin Amurka. Kafin yaƙin duniya na farko an gina wuraren wasa masu suna Luna Park a Faris da Berlin, na Melbourne a Ostareliya da aka buɗe a 1912 yana aiki har yau. An gina ɗaya a unguwar Heliopolis ta Alƙahira a 1911. Bai daɗe ba yaƙi ya ɓarke, a 1915 aka mai da shi asibitin sojojin Ostareliya da aka kwaso daga fagen daga na Gallipoli a Turkiyya, aka jera gadaje a zauren wasan sulɓi da sauran rumfunan.